Kasuwar 'Yan Ƙwallo Ta Cikin Waya: Cinikin Da Samarin Samaru Da Sabon Gari Ke Yi Ba Dillali

Tun daga lokacin da jirgin ƙasa ya iso Zariya a farkon ƙarnin da ya wuce, Sabon Gari ta zama matattarar fatake da 'yan tireda. Samaru kuwa sunanta ya fita ne ta wajen binciken aikin gona, sa'an nan kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 ta mayar da ita garin ɗalibai. A waɗannan unguwanni biyu, a gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi da ɗakunan kwanan ɗalibai, wata irin kasuwa ta kafu wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa. Hajar da ake saye da sayarwa a cikinta ita ce sunayen 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Turai, kuɗin da ake cinikin da su kuwa na cikin wasa ne, ba wanda zai iya sayen ko da ƙwayar goro da su.

Duk da haka mai karatu zai yi mamakin irin muhawarar da ake tafkawa a kan wannan ciniki. Akan ji saurayi yana kiran abokinsa Manaja ko Koci, yana tambayarsa wa ya saya wannan mako, wa ya sayar, kuma nawa ya ci riba. Ya kamata iyaye da malamai su san abin da wannan wasa ya ƙunsa, domin akwai abin koyo a cikinsa, akwai kuma ramin da ya kamata a kauce masa.

Asalin Wasan

Wasan da ya fi yaɗuwa a tsakanin matasan shi ne wanda ake kira Fantasy Premier League, wanda hukumar gasar Firimiya ta Ingila ke gudanarwa ta intanet. Dabarar kuwa ta girmi intanet ɗin a hannun jama'a. Wani ɗan jarida na Italiya mai suna Riccardo Albini ya fito da irinsa cikin 1990, ya raɗa masa suna Fantacalcio. A Ingila kuma Andrew Wainstein ya kafa nasa cikin 1991, daga baya jaridun ƙasar suka ɗauka, masu karatu suna aiko da zaɓinsu ta gidan waya. An kafa gasar Firimiya cikin 1992, ita kuma hukumarta ta buɗe nata wasan a kakar 2002/03. Waɗanda suka shiga a shekarar farko ba su kai dubu 100 ba, amma zuwa kakar 2022/23 sun haura miliyan 11 a duniya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suke da jama'a masu yawa a ciki.

Dalilin karɓuwarsa a nan ba ɓoyayye ba ne. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin ƙwallon Ingila, tun ma ba da 'ya'yan Kaduna suka fara taka leda a can ba. Daniel Amokachi, wanda ya fito daga Ranchers Bees, ya koma Everton cikin 1994, Celestine Babayaro kuma ya koma Chelsea cikin 1997. Da wayar hannu ta shigo ƙasar nan cikin 2001, gidajen kallo kuma suka yawaita, sai ya zama saurayin da ke Samaru yana iya sanin halin da ɗan wasan Arsenal ke ciki a daidai lokacin da mutumin Landan ya sani.

Yadda Ake Kafa Ƙungiya

Shiga wasan kyauta ne. Duk wanda ya yi rajista akan ba shi fam miliyan 100 na cikin wasa, a ce ya sayi 'yan wasa 15 daga kulob-kulob 20 na gasar: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, da 'yan gaba 3. Ba a yarda ya ɗauki fiye da mutum 3 daga kulob guda ba. Kowane mako zai fitar da 11 daga cikinsu, ya naɗa ɗaya kyaftin, wanda ake ninka masa maki. Ana rufe ƙofar canji saura minti 90 a take wasan farko na makon, kuma kakar tana da mako 38.

Makin yana zuwa ne daga abin da 'yan wasan suka yi a fili na gaskiya. Wanda ya yi minti 60 ko fiye yana da maki 2. Ɗan gaba in ya ci ƙwallo yana da 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6. Wanda ya ba da ƙwallo aka ci yana da 3. Mai tsaron gida da ɗan baya suna samun 4 in an tashi ba a zura musu ko ɗaya ba. Katin gargaɗi yana rage maki 1, jan kati yana rage 3, ɓarar da fenariti kuma yana rage 2. A kakar 2025/26 an ƙaro maki 2 ga waɗanda suka yi ƙoƙari wajen tare hari da ƙwace ƙwallo, abin da ya ɗaga darajar wasu 'yan baya da 'yan tsakiya da a da ba a kula su.

To, a nan ne wuyar aikin take. In aka raba fam miliyan 100 tsakanin mutum 15, kowa bai kai miliyan 7 ba, alhali fitattun 'yan wasa kuɗinsu ya ninka haka. An sa wa Erling Haaland na Manchester City fam miliyan 15 a farkon kakar 2024/25, farashin da ba a taɓa fara kaka da shi ba kafin nan. Wanda ya saye shi tilas ya tsuke aljihu a wasu wurare, kamar magidancin da ya sayi babban rago ya rage kuɗin cefane.

Tsada Daban, Amfani Daban

Abu na farko da gwanayen wasan suke koya shi ne auna maki da kuɗi, watau a duba maki nawa kowane miliyan guda ya kawo. Kakar 2023/24 ta ba da misali mai kyau. An fara da Haaland a kan fam miliyan 14, ya gama da maki 217, watau kimanin maki 15 da rabi ke nan a kan kowane miliyan. Cole Palmer kuwa, wanda ya bar Manchester City ya koma Chelsea a watan Satumba na 2023, an fara da shi a kan miliyan 5 kacal, ya gama da maki 244, ya fi kowa a gasar. Wanda ya saye shi da wuri ya sami kusan maki 49 a kan kowane miliyan, ga kuma rarar kuɗi da zai ƙara wani gwani da ita.

Irin haka ta faru a kakar 2015/16, lokacin da Leicester City ta ɗauki kofi ba zato ba tsammani. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya ya fara a kan miliyan 5.5, ya tara maki 240. A kakar nan ce kuma Odion Ighalo na Nijeriya ya ci wa Watford ƙwallo 15, ya zama abin rububi ga masu neman ɗan gaba mai sauƙin kuɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa arahar da aka gano kafin jama'a su farga ita ce jari.

Wannan ba ya nufin mai tsada asara ne. Mohamed Salah ɗan Masar ya kafa tarihi da maki 303 a kakar 2017/18, sa'an nan ya karya tarihin nasa da maki 344 a kakar 2024/25, inda ya ci ƙwallo 29 ya kuma ba da 18 aka ci. Tun da ana ninka wa kyaftin maki, ɗan wasa irinsa da ake iya dogara da shi mako bayan mako yana biyan kuɗinsa. Saboda haka akasari akan ajiye manya biyu ko uku domin kyaftin, a cike sauran gurabe da masu sauƙi.

Sunan da ɗan wasa ya yi a waje kuwa yana iya yaudarar mai saye. Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma Leicester daga CSKA Moscow cikin 2016 a kan kuɗin da aka ba da labarin sun kai fam miliyan 16 da wani abu. A wasan share fage na watan Agusta ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu. Amma da aka shiga gasar bai sami gurbi na dindindin ba, ƙwallo biyu ya ci a Firimiya duk kakar. Gwanintarsa ba ta ragu ba, domin cikin 2018 ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a kan Iceland a gasar cin kofin duniya. Abin da ya rasa a Leicester shi ne mintoci a fili, kuma ɗan wasan da ke zaune a benci ba ya kawo maki komai ƙwarewarsa. Wanda ya saya don kishin ƙasa ko son kulob, ba tare da duba ko ana sa mutumin a wasa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Hawa Da Saukar Farashi

Farashin da aka fara kaka da shi ba ya tsayawa wuri guda. In jama'a suka yi ta sayen ɗan wasa, sai kuɗinsa ya hau da fam dubu 100, watau 0.1 a lissafin wasan; in suka yi ta sayar da shi, sai ya sauka da haka. Masu wasan ba su bayyana ainihin ma'aunin da suke amfani da shi ba, shi ya sa ake samun masu bin diddigin ciniki suna hasashen wa zai hau, wa zai sauka.

Akwai kuma wata ƙa'ida mai kama da la'adar dillali. Wanda ya sayi ɗan wasa a kan 7.0, farashinsa ya hau zuwa 7.4, in ya tashi sayarwa 7.2 za a ba shi, domin rabin riba kaɗai ake bar masa. In farashin 7.3 ya kai, 7.1 zai karɓa, saboda ba a lissafa guntu. Amma in farashin ya faɗi zuwa 6.7, asarar duka a kansa take. Bugu da ƙari, in ya sayar a 7.2 sa'an nan ya canza shawara, sai ya biya 7.4 kafin ya dawo da shi. Wannan ne ya sa wanda ya daɗe yana riƙe da gwani ba ya saurin rabuwa da shi don ya yi mako ɗaya ko biyu bai ci ba.

Canji ɗaya ake bayarwa kyauta kowane mako, duk wanda ya ƙara kuwa za a yanke masa maki 4 a kan kowane ƙari. Daga kakar 2024/25 aka yarda mutum ya tara canjin da bai yi amfani da shi ba har zuwa 5. Lissafin a fili yake: in sabon ɗan wasan ba zai fi tsohon da maki 4 ba cikin makwannin da ke tafe, canjin asara ne. Akwai kuma wata dama da ake kira Wildcard, wadda ke ba mutum ikon rushe ƙungiyarsa gaba ɗaya ya sake gini ba tare da an yanke masa komai ba, sau biyu a kaka.

Mai gaggawa yakan saya tun ranar Litinin don ya riga hauhawar farashi, sai ɗan wasan ya ji rauni a gasar Turai ranar Laraba. Mai haƙuri kuwa yakan jira jawabin masu horarwa na ƙarshen mako, ya yarda ya biya ƙarin 0.1 domin ya saya da sani. Kowace hanya tana da ribarta da hasararta, kamar dai mai sayen masara da kaka don ajiya da wanda ke jira ya ga yadda kasuwa za ta kaya.

Labari Shi Ne Jari

A wannan kasuwa, wanda ya riga jin labari ya riga cin riba. Cikin Fabrairu 2021 labarin raunin Jack Grealish na Aston Villa ya fita kafin kulob ɗin ya sanar, bayan da masu sa ido suka lura cewa wasu na kusa da kulob ɗin sun cire shi daga ƙungiyoyinsu na wasan. Abin ya ɓata wa mai horarwa Dean Smith rai, har ya ce za a bincika. Wasan da ake ɗauka na nishaɗi ne sai ga shi ya tona asirin kulob ga abokan karawarsa.

Mutanen Afirka suna da wani ilimi da ke ba su fifiko, watau sanin lokacin gasar cin kofin nahiyar. An yi ta Kwaddibuwa a Janairu da Fabrairu na 2024, inda Nijeriya ta kai wasan ƙarshe, aka kuma yi ta Maroko daga Disamba 2025 zuwa Janairu 2026. Duk sa'ad da gasar ta zo, 'yan wasa irin su Salah da Alex Iwobi sukan bar kulob ɗinsu na makwanni, jama'a su sayar da su, farashinsu ya faɗi. Mai hangen nesa yakan shirya canjinsa tun da wuri, ya kuma dawo da su da sauƙi in sun komo. Har ila yau akan duba jadawalin wasanni, domin ɗan baya mai arha da kulob ɗinsa zai kara da raunana sau huɗu a jere ya fi mai tsada da zai fuskanci manya.

Cewa wasan yana bukatar tunani ba abin musu ba ne. Magnus Carlsen ɗan Norway, wanda a lokacin shi ne zakaran duniya na wasan dara irin na Turawa, ya hau matsayi na ɗaya a cikin miliyoyin masu wasan a watan Disamba na 2019. Amma sa'a ma tana da nata rabo, domin ƙwallon da ta bugi turke da wadda ta shiga raga tazararsu ba ta wuce tafin hannu ba.

Wasu Kasuwannin

Akwai wasu wasannin da suka fi wannan kama da cinikin kara. A Hattrick, wanda aka fara a Sweden cikin 1997, 'yan wasan ƙirƙirarru ne, mutum yana renon yaro tun yana ɗan shekara 17, ya horar da shi, ya kai shi gwanjo na kwana uku, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A can shekaru da gwaninta su ne ma'aunin daraja, kamar yadda mai kiwo ke duba haƙori da ƙiba kafin ya taya sa. Top Eleven kuwa, na kamfanin Nordeus da ke Belgrade, ya fito cikin 2010, kuma a cikinsa ana tayi ne da wasu alamu da ake iya saye da kuɗi na gaskiya. Girman ribar da ke cikin irin wannan sana'a ya bayyana cikin 2021, lokacin da kamfanin Take-Two na Amurka ya sayi Nordeus a kan kuɗin da aka ce za su iya kai dala miliyan 378. Wasan da aka ce kyauta ne, aljihun masu ƙara kuɗi don su riga abokansu shi ke ciyar da shi.

Inda Wasa Ke Zama Caca

Hatsarin yana farawa ne daga ranar da naira ta shiga. Abokai sukan kafa tasu ƙaramar gasa a cikin wasan, kuma sau da yawa akan ce kowa ya zuba wani abu, wanda ya zo na ɗaya a mako ko a wata ya kwashe. Da zarar an yi haka, kuɗin mutane da yawa sun koma hannun mutum guda bisa abin da ba wanda ke da iko a kansa. Malaman addinin Musulunci suna kiran wannan caca, kuma haramcinta sananne ne. Malaman Kirista ma suna yi wa mabiyansu gargaɗi a kanta. Daga nan zuwa shagon cacar ƙwallo taku kaɗan ne, domin wanda ya ga ya iya hasashen maki yakan ɗauka zai iya hasashen sakamako ya ci kuɗi.

Abin da ya faru a Ingila ya isa ishara. Wani kamfani mai suna Football Index ya buɗe kasuwa inda mutane ke sayen hannun jari a kan 'yan wasa da kuɗi na gaskiya, suna jiran riba. A watan Maris na 2021 kamfanin ya durƙushe, aka dakatar da lasisinsa, dubban mutane suka yi asarar miliyoyin fam, wasu har da kuɗin da suka tara don aure ko sayen gida. Darajar da aka ɗora wa sunan ɗan wasa ta dogara ne a kan samun mai saye na gaba, ranar da aka rasa shi kuwa sai ta zama iska. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A gida Nijeriya ma maganar tana gaban hukuma. Cikin Oktoba 2024 hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, a watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hakkin jihohi ne, ba na Gwamnatin Tarayya ba. Wannan ya ɗora wa kowace jiha, har da Kaduna, nauyin duba abin da ya dace da jama'arta.

Ko ba a sa kuɗi ba, akwai abin da ake kashewa. Akwai kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Akwai kuɗin shiga gidan kallo. Mafi tsada duka shi ne lokaci. Kakar tana farawa a Agusta ta ƙare a Mayu, ta ratsa zangon karatu da jarrabawa. Ɗalibin da ya san farashin 'yan baya 20 da ka, amma bai buɗe littafinsa ba, da yaron shagon da ya bar mai saye tsaye yana duba wa ya ji rauni a Liverpool, duka sun sayar da abu mai daraja sun sayi maras daraja.

Abin Da Ya Kamata A Riƙe

Hana matasa wasan gaba ɗaya abu ne mai wuya, tun da yana cikin wayar da ke aljihunsu. Abin da ya fi shi ne a san iyakarsa. Wasan yana koyar da kasafi, da auna tsada da amfani, da haƙuri a kan abin da aka saya, da karɓar asara ba tare da ɗora wa wani laifi ba. Malamin lissafi ko na tattalin arziki a makarantun Zariya zai iya ɗaukar misalin Palmer da Haaland ya koyar da rabo da kaso, yara su gane nan take. Su kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da masu gidajen kallo suna da ikon cewa gasarsu ta girmamawa ce, ba a zuba ko sisi. Iyaye kuwa, maimakon faɗa, ya fi kyau su tambayi yaro ko akwai kuɗi a cikin gasar da ya shiga, da kuma awa nawa yake ba ta a mako, domin amsar waɗannan tambayoyi biyu ita za ta nuna musu ko wasa yake yi ko kuwa an fara wasa da shi.